Littafi Mai Shuɗin Bango

Shekara talatin da ɗaya a tsibirin Chiloé,
aji ɗaya, murhun itace ɗaya,
ruwan sama na buga rufin kwano kamar mai bin bashi.
Tiya Herminia suke ce mini.
Ina da littafi mai shuɗin bango
inda nake tsince abin da ya faɗo daga bakinsu
kafin su girma su koyi riƙe harshe.

Shafi na tara, Nahuel, ɗan shekara shida:
"Tiya, lokacin da kike yarinya
an riga an ƙirƙiro launi,
ko duniya baƙi da fari ce, irin hoton kakata?"

Shafi na arba'in, Rayén mai giɓi:
"Tsibirinmu ba ya nutsewa
don saiwar dankali ce ta riƙe shi."
Na ba ta maki. Ban san amsar da ta fi wannan ba.

Baltasar ya ce sifiri ƙwai ne da aka shanye cikinsa.
Isidora ba ta yi aikin gida ba,
wai fensirinta ya tashi da ciwon kai.
Da dare nakan karanta wa Ramiro,
ya yi ta dariya har miyar kifi ta sarƙe shi.

Sai ga watan Yuni, tsakiyar sanyinmu.
Ramiro ya ɗaure kwalekwale, ya ci abinci, ya kwanta,
gari ya waye ban da shi.

Kwana goma sha biyu ban riƙe alli ba.
Manya suka yi ta zuwa da burodi,
kowa na taka maganarsa a hankali
kamar mai tsoron ƙaya.

Ranar da na koma, aji ya yi tsit.
An ja musu kunne, na gani a zamansu.
Can sai Amaro ya ɗaga hannu, hanci na yoyo:
"Tiya, mama ta ce kada mu gaya miki mijinki ya mutu.
To, ni dai ban faɗa ba."

Dariya ta ƙwace mini,
kuka na biye da ita
kamar akuya da 'yarta.

Fresia ta taso ta leƙa kaina:
"Gashinki ya fara zama na tunkiya.
In ya cika, za a yanke a saƙa safa?"
Ƙaramin cikinsu, Eleuterio, bai yi dariya ba.
Ya ce, "Ya tafi da takalmin robarsa?
Ai can sama ruwan yake,
daga can yake zubo mana."

Takalmin na nan bakin ƙofa,
ƙafar hagu ta jingina da ta dama.
Daren nan ban rubuta kome ba.

Yanzu Disamba. Gwiwa ta ƙi hawan tudu,
'yata ta share mini ɗaki a Temuco,
inda ba teku, sai ƙarar motoci.
Na ba maƙwabci kaji, na sayar da kwalekwale,
takalmin kuwa yana ƙasan akwati,
kada a tambaye ni dalili.

Ranar sallama Amaro ya riƙe mini siket:
"Tiya, sai yanzu kika ci jarrabawa?
Shekara talatin da ɗaya kina aji ɗaya!
Ni shekara guda kacal na yi."

A jirgin fito na buɗe shafin ƙarshe,
na lalube jaka, ba abin rubutu.
Wata mata mai duba tikiti, da furfura biyu a goshi,
ta tsaya a kaina tana murmushi,
ta zaro fensir daga bayan kunne:
"Ungo, Tiya. Isidora ce.
Wannan lafiyarsa ƙalau."